Na Toshe Wayar Babana, Aka Binne Yayansa Bai Sani Ba

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Ina roƙon a ɓoye sunana, sunayen da za ku gani a ciki ma na canza su. Don Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke min hukunci, domin duk zagin da za ku yi min, na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi zafi.

Ni ɗaliba ce, ina karatu a wata makarantar gaba da sakandare a Funtua, gidanmu kuma yana Malumfashi. Ba ni da yawan magana. Ko a aji malami ya yi tambaya na san amsa, sai dai in rubuta ta a gefen takarda in yi shiru. Babana manomi ne, yana karanta Alƙur'ani da ajami amma bai yi boko ba, don haka ni ce mai duba masa waya duk lokacin da nake gida. Uwata yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa min. Da zarar ƙaramar wayarsa mai tocila ta yi ƙara sai ya miƙo min: "Uwata, duba min wa ke nemana."

Kuma mafi yawan lokuta ba mai nemansa. 'Yan talla ne. Yau a ce ya buga caca ya zama miloniya, gobe a ce ga bashi nan take ba jingina, jibi a ce ya danna ɗaya a sa masa waƙa. Wa ya ba su lambarsa? Wa ya ce musu dattijon da ke kwana da tunanin taki da tsutsar masara yana neman waƙa? Saƙonnin ma da sauƙi, kiran ne ya fi ƙona min rai. Muryar wata mata ce da aka naɗa, tana zuba kamar famfo. Baba yana tsakiyar kunya a gona zai ajiye fartanya, ya goge laka a jikin riga, ya lalubo waya, ya ce, "Wa alaikumus salam, 'yar nan, lafiya lau. Ya mutanen gida?" Ita kuwa tana ta zuba abinta. Haka zai tsaya har ta gama. Na ce masa, "Baba, na'ura ce fa, ba mutum ba ce." Ya ce, "Ko ma mece ce, ai ba a katse wa mai magana hanzari. Ita ce ba ta iya amsa gaisuwa ba, ni kam an koya min." In muna gida wayar ta yi ƙara, Inna takan ce, "Malam, ga mutuniyar taka mara gaisuwa." Su yi dariya. Ni ba na dariya. Ganin mutum mai furfura yana yi wa injin 'yan kasuwa ladabi, su kuma suna zuƙe masa kati da abin da bai san ya saya ba, ƙyama yake sa ni.

Ranar da tura ta kai bango, na zo hutun damina. Baba yana zaure da limamin unguwarmu da wani amininsa, na kai musu ruwa, sai saƙo ya shigo. Ya miƙo min kamar kullum. Ni kuma ɗabi'ata ce in fassara masa kalma bayan kalma, ba na tsallake komai, don kada in rage masa wani abu. Na kai tsakiya kafin hankalina ya gane abin da bakina ke faɗa. Tallan maganin maza ne, da kalmomin da ko a gaban ƙawata ba zan iya maimaitawa ba. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Baba ya ce a hankali, "Bari haka, Uwata, shiga gida." Na shiga ɗaki kamar an watsa min ruwan kwata. Wane irin mutum ne zai zauna a ofis ya tura wannan ƙazanta cikin aljihun iyayen mutane, ya koma gida ya ci tuwo hankali kwance?

Na yi bincike, kamar yadda na saba. Na gano hukumar da ke kula da sadarwa ta tanadi hanyar da mutum zai tura saƙo a dakatar masa da tallace-tallace. Na tura. Saƙonnin suka ragu, na ji daɗi. Amma kiran bai tsaya ba, don wasu da lambobi irin na kowa suke kira, ka toshe wannan su ɓullo da wata. Sai na shiga cikin saitin wayar na tarar da wani wuri da in ka kunna shi, duk lambar da ba a ajiye ba ba za ta shigo ba. Na zauna na bi lambobin Baba ɗaya bayan ɗaya, na tabbatar kowa yana ciki: dangi, dillalan hatsi, mai taki, mai tarakta, har mai facin taya. Sannan na kunna. Ban gaya masa ba, don na san zai ce kada a rufe wa kowa ƙofa. Na koma makaranta ina jin na yi abin kirki. Har murna ya yi, ya ce min, "Mutuniyar nan ta gaji ta ƙyale ni."

A nan sai na yi muku bayanin danginmu. Asalin Baba daga wani ƙauye ne a yankin Gozaki, kuma 'yan'uwansa Maguzawa ne, suna nan kan al'adar kakanni. Shi kaɗai ya musulunta tun yana saurayi ya dawo gari. Amma bai taɓa yanke zumunci ba. Yayansa, Baba Nomau, shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya koya masa riƙon garma. Duk kaka sai Baba ya je, duk Sallah sai Baba Nomau ya zo ya ci nama ya tsokane shi, "Auta, har yanzu kana ta dungure-dunguren naka?" Baba ya ce, "Ina yi, har da kai nake sawa a addu'a." Su kwashe da dariya. Lambar Baba Nomau tana cikin wayar, ni da hannuna na duba ta. Abin da ban kawo a raina ba, ni mai takama da bin diddigi, shi ne a ƙauyen ba wanda ke kira da lambarsa. Wanda ke da caji ba shi da kati, wanda ke da kati ba shi da sabis sai ya hau tudu. Duk wayar da ta rayu a ranar, ita ce wayar gari. Ta Baba Nomau kuwa ta faɗa ruwa tun farkon damina. Na sha zuwa ƙauyen nan, na sha ganin ana aron waya. Ina hankalina ya tafi?

Ciwon Baba Nomau bai ja lokaci ba. Babanmu bai ji ba sai a kasuwa, yana cinikin buhunan zuba masara, wani direba ɗan yankin ya riƙe masa hannu ya ce, "Malam, ya haƙuri?" Baba ya ce, "Haƙurin me?" Direban ya rasa inda zai sa kansa. A lokacin an kwana biyu da binne shi.

Inna ta kira ni na taho, muka tafi gaisuwa tare. Ba wanda ya shimfiɗa wa Baba tabarma. Jatau, babban ɗan marigayin, wanda Baba ya ɗauka a kafaɗa yana yaro, ya miƙe a gaban mutane ya ce, "Baba Ƙarami, me ka zo yi? Yana kwance yana cewa ku kira min Auta, ku kira min Auta. Na kira da wayar mai shago, na kira da ta malamin makaranta, na hau tudu cikin ruwan sama na kira. Ta shiga ka katse, ta shiga ka katse." Baba ya ce, "Wallahi Jatau wayar nan ba ta yi ƙara ba." Sai Gwaggo, yayarsu mace, ta ce daga inda take zaune, ba ta ko ɗaga murya ba, "Auta, bar rantsuwa. Tun ranar da ka bar gidan nan mutane ke ce mana wata rana za ka ji ƙyamar gawarmu. Nomau ne ke cewa ƙarya ne, ba Autansa ba. Gara da bai ga wannan ba." Baba ya tambaya a nuna masa kabarin, aka ce yaro ma ya san hanya, ya nema da kansa.

Ina tsaye a bayan mata, kuma tun daga kalmar "ka katse" na gane. Haka toshewar take yi, ta buga sau ɗaya ta yanke, kamar mai wayar ne ya ƙi ɗauka. Magana ɗaya ce a bakina da za ta wanke shi a wurin. Ban faɗa ba. Na kalli idanun mutanen nan na ji tsoro. Wannan ma da sauƙi a kan abin da na yi bayansa. A mota muna dawowa, Baba ya ba ni wayar in riƙe masa, ni kuma na sunkuya na kashe toshewar, na share duk alamarta. Ban san me nake tunani ba. Ko in ce na sani: kaina nake ceto.

Washegari Baba ya kai wayar wurin mai gyara a bakin tasha, ya ce a duba masa abin da ya hana ta ƙara. Mutumin ya duba, ya kira ta da lambarsa a gaban jama'a, ta yi ƙara rangaɗau. Ya ce, "Malam, wayarka lafiyarta ƙalau." A tasha fa, inda direbobin Gozaki ke shan shayi. Kafin la'asar labari ya kai ƙauye cewa ko mai gyara ya ƙaryata shi. Buhun dawar da ya aika na makoki, a kan babur aka dawo masa da shi, ko kwance bakinsa ba a yi ba.

Yanzu mahaifina ya fara zargin kansa. Rannan ina shara na ji yana ce wa Inna, "Anya ba ta yi ƙara ba ina gona ban ji ba? Ko na danna wani abu cikin aljihu? Kada fa in zama na rantse a kan ƙarya." Mutumin da ban taɓa jin ya yi ƙarya ba yana neman gafarar rantsuwar da gaskiya ce. Ya rame. Tuwo sai ya taɓa ya ture. Kuma tunda na cire toshewar, 'yan tallan sun dawo. Yanzu ko alwala yake yi ya ji ƙara, da gudu yake zuwa da jiƙaƙƙen hannu, ko Jatau ne ya huce. Sai ya ji muryar matar nan tana yi masa albishir da garaɓasa. Ya daina gaishe ta, Inna ma ta daina tsokana. Ina jin ƙyamar masu wannan kira har cikin ƙashina, su da ba su san ma akwai mu ba, amma in na dubi madubi ƙyamar da nake ji ta fi wannan. Su neman kuɗi suke. Ni fa? Ni da yake kira Uwata?

Abin da ya sa na rubuto yanzu shi ne, wani dattijo a ƙauyen ya sa baki, an amince za a zauna bayan an gama girbin masara, kuma an kusa gamawa. Baba ya ce wa Inna ya gaji da musu, in an zauna zai ce shi ya katse kiran, ya ba su haƙuri, ko a bar shi ya riƙa ganin 'ya'yan ɗan'uwansa. Wato zai ɗauki laifin da bai yi ba, ya tabbatar musu da abin da aka daɗe ana faɗa a kansa, ya mutu da sunan wanda ya ƙi yayansa a kan gadon mutuwa.

In na faɗi gaskiya, ina tsoron su ce ya ɗora wa 'yarsa ne don ya tsira, tunda da hannuna na goge shaidar. Ko su ce ai ga shi nan, a gidansa aka koya wa yara rufe musu ƙofa. Ina tsoron idon Inna. Fiye da komai ina tsoron lokacin da Baba zai gane cewa ina tsaye a wurin Gwaggo ta faɗa masa waccan magana, na kuma yi shiru. Na tsara yadda zan fara gaya masa ya fi a ƙirga, in na zo gabansa sai in ce, "Baba, a kawo ruwa?"

Shin in fara gaya masa shi kaɗai, ko in sami Inna tukuna? Ko in hau mota in je wurin Jatau da kaina, in kunna toshewar a gabansa ya kira ya ji da kunnensa? In ya ji ma, zai yarda ba shiri muka yi ba? Masu karatu, masara ta bushe a gona, ranar zaman tana matsowa, mahaifina yana shirin amsa laifina da bakinsa. Don girman Allah, me zan yi?