Ƙullutu a Bayan Wuyana

Kusasu, daren Talata, watan Safar

Ban faɗa wa kowa ba, akwai ƙullutu a bayan wuyana, irin wanda ya fito wa Yaya Lami kafin ciwon barci ya kama ta. Yau ma barci ya ɗauke ta da lomar tuwo a hannu, idonta rabi a buɗe, kamar tana kallona.

Kowa ya san ƙudan tsando na rafin kurmi ne ke kawo ciwon. An haƙa mana rijiya a bakin kasuwa, amma kullum da safe muna rafi. Wurin tsit, ko tsuntsu ba ya kuka.

Na ce, "Iya, ba ga rijiya ba?"

Ta ce, "Na sani, 'yar nan. Amma in muka daina zuwa, aljanin wurin zai biyo mu gida ya ji dalili. Ɗauki tulunki."

Na ɗauka, alhali ni ma na sani.

Gobe malaman asibiti masu duba wuya za su zo. Iya ta ce mu ɓuya cikin dawa har su wuce. Zan bi su Iya, in sun zauna in ce fitsari nake ji, in sulale wurin malaman. Ba zan koma ba sai an taɓa wuyana.