Turmin da Ke Bisa Kanmu

Kumasi, 6 ga Maris

'Yata Dufie,

Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidanki da jikokina. Yaya sanyin Italiya, yaya aiki? Allah Ya sa takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Tica Frimpong na cocinmu ne ke rubuta mini, na kuma ja masa kunne ya sa maganata yadda ta fito, kada ya yi mata kwalliyar 'yan boko.

Jikin uwarki yana nan yadda kika bar shi. Kullum da safe nakan zaunar da ita in ba ta labarin kanta. In ce mata sunanki Afrakoma, na aure ki shekarar da wutar daji ta cinye gonakin koko, kin haifi biyar, uku suna raye. Takan saurara kamar labarin wata ake ba ta. Ba komai. Duk abin da ya zube daga kanta yana cikin nawa.

Gidan hayar da kika kama mana yana da kyau, ga asibiti kusa, na gode. Amma a ƙauye ba abin da ke bisa kaina sai rufin kwano da Allah. Nan kuwa mutane ne, wata Pokuaa da mijinta Ampofo, malamin makaranta. Ƙarfe huɗu na yamma tana bugawa za su fara dakan fufu. A bene, Dufie! Har farar ƙasa ke zubo mini cikin shayi. Wannan duk mai sauƙi ne. Da an fara, sai uwarki ta miƙe tana zura hannu cikin iska tana juyawa, ta kafa mini ido tana cewa, "Bonsu, a hankali, hannuna!" Ta yi ta gumi, ta yi dariya, wani lokaci har da hawaye. In an gama ta ce a kawo mata abinci. Likita kuwa ya ce a nema mata natsuwa.

Na doki silin da sandata har na gaji, jiya na hau. Na ce, "Ke yarinya, a ina aka haife ki da za ki kafa turmi a kan mutane?" Ta kira ni da sunan girma na dattawa, ta ce, "Nana, to mu ci me? Wannan mutumin in bai ci fufu ba, cewa yake da yunwa ya kwana." Shi kuma yana share gumi ya ce, "Baba, tunda ka hau, zauna a zuba maka, miyar gyaɗa ce." Na ce masa ban hau matakala goma sha takwas da wannan gwiwa don in roƙi miya ba.

Gobe zan je wurin mai gidan.

Naki mahaifi,
Bonsu

Kumasi, 29 ga Maris

'Yata Dufie,

Gaisuwa da fatan alheri. Maganin gwiwar ya iso, Allah Ya yi miki albarka.

An gama magana. Mai gida ya zo, na nuna masa tsagar da ke bangon ɗakinmu. Gaskiya tun ranar da muka shigo na gan ta, amma bai tambaye ni yaushe ta fito ba, ni ma ban faɗa ba. Ya hau ya ce musu su zaɓa, ko turmi ko ɗaki. Pokuaa ta aika da turmin wurin uwarta a Ejisu. Yanzu garin fufu na kwali suke tuƙawa a kan wuta, abin da ko akuyata ba za ta sansana ba.

Har yanzu tana gaishe ni. Shekaranjiya a bakin famfo ta ce, "Nana, kunne ya huta?" Na ce ya huta sarai.

Kin ce a waya na yi tsauri. Ban yi ba. Uwarki ta daina wannan tashe-tashen, tana zaune lafiya a kujerarta. Da yamma dai takan ɗaga kai ta dubi silin, ta daɗe tana dubawa. Cin abincinta ya ragu, amma zafi ake yi, kowa ma cinsa ya ragu.

Naki,
Bonsu

Kumasi, 11 ga Mayu

Dufie 'yata,

Ina gaishe ku duka. Ki yi haƙuri da shiruna. Sau biyu Tica ya zo da biro da takarda, ina ce masa ya koma.

Ranar Talata na shiga in gaya wa uwarki sunanta kamar kullum. Da ta gan ni sai ta ja zane ta rufe ƙirjinta, ta ce, "Bawan Allah, wa kake nema?"

Na fita baranda na zauna na yi ta tunani baya. Kin san ban iya karatu ba, amma ba na mance rana. Rabon da sunana ya fito daga bakinta, tun ana gobe mai gida zai zo. Duk labarin da nake zuba mata da safe, bai taɓa sa ta kira ni ba ko sau ɗaya. Dakan nan ne kaɗai. Ni ina ganin ciwo ne ke tashi, ashe matata ce ke dawowa gida rabin awa kowace rana, ni kuma na je na sa aka rufe ƙofar.

Kin tuna yadda muke yi a ƙauye? Ni da taɓarya a tsaye, ita a kan kujera 'yar tsugunno, hannunta na shiga turmi yana juya rogo da agade tsakanin duka da duka. Shekara arba'in ban taɓa ko farcenta ba. Ba na dubawa ma. Bugu biyu in ɗan saurara, a nan take tsoma hannu a ruwa. Ranar da aka binne yayanki Opoku ba wanda ya iya yi wa wani magana, da turmin nan muka yi hira.

Nas ɗin asibiti ta ce in daina ɗora wa kaina, haka ciwon yake tafiya, da turmi da babu turmi. Na ce mata na ji. Ita karatu ta yi, ni kuwa ina wurin.

Jiya na yi abin da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba. Kin san mai neman gafara ba ya tafiya shi kaɗai, sai da babba ya shige masa gaba. Na ɗauki Tica muka hau wurin su Pokuaa. Bakin ƙofarsu na tuɓe takalma, na sauke mayafina daga kafaɗa, na ɗora bayan hannuna kan tafin ɗaya, a gaban yarinyar da ko ke kin girme ta. Tica ya fara jero Turanci, na ce ya matsa. Na gaya mata komai, har maganar tsagar bango. Ta kama mayafin tana mayar mini, tana kuka tana cewa, "Nana, ka rufa mini asiri, kada maƙwabta su ga haka." Ampofo ya ce, "Baba, na yafe maka komai ban da fufun kwali na wata biyu." Muka yi dariya, ni tawa ba ta kai ciki ba.

Ranar Asabar za a ɗauko turmin. A barandarmu ta ƙasa za a kafa shi, mai gida ya ce nan ba ruwansa. Ki sa mu a addu'a.

Mahaifinki,
Bonsu

Kumasi, 19 ga Mayu

'Yata,

Gaisuwa gare ki da yara. Za ki ga hannun ya sake, Ampofo ne ke rubutawa yau, Tica na fama da mura.

Turmi ya iso. Muka fito da uwarki a kujera, Pokuaa ta zauna tana juyawa, Ampofo na daka. Suka gama rogo, suka zuba agade, uwarki ko ido ba ta ɗaga ba. Ta rame, Dufie, awarwaronta har gwiwar hannu yake zamewa.

Sai na ce wa Ampofo ya ba ni taɓaryar. Ya ce, "Baba, kafaɗarka fa?" Na ce kafaɗar ubansa ce? Yana dariya yanzu, amma na ce ya rubuta.

Na yi bugu biyu na saurara. Na sake biyu na saurara. Taɓaryar ta yi mini nauyi, numfashina na yankewa, dukan na zuwa a karkace. A karo na biyar ko na shida na ga yatsun uwarki sun motsa a kan cinyarta. Hannun ya tashi, ya tsoma cikin ruwan da babu, ya fara juyawa. Pokuaa ta toshe bakinta da zane.

Uwarki ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa, irin kallon da take yi wa ɗan ƙwadagon da ya ɓata mata aiki. Ta ce, "Bawan Allah, sannu da ƙoƙari, amma ba ka iya ba. Ku kira mini Bonsu. Shi ya san hannuna."

Na ce mata ya je gona, yana nan tafe.

Ta ci loma bakwai, Pokuaa ce ta ba ta. Ta hana a taɓa sauran, ta ce a rufe da kwano a ajiye wa mijinta. Na ɗauka na shiga ɗaki na ci ni kaɗai.

Kullum yanzu ƙarfe huɗu muke fitowa. Kullum tana aike a kira ni, ina tsaye gabanta da taɓarya. Da can in ta kira sunan, fuskata take kallo. Wannan ne abin da ni da kaina na zubar, kada kowa ya ce mini ciwo ne.

Ki nemi hutu ki zo, ba sai Kirsimeti ba. Jiya tana juyawa ta ce a rage wa Dufie ɗan ƙarami, ba ta son mai gudaji. Sunanki yana bakinta tukuna. Ki zo ki amsa.

Ni ne mahaifinki,
Bonsu