Kwalbar Maganin Inna

Litinin, 3 ga Maris
An sallamo Inna daga asibiti. Likita ya ce ciwon ya riga ya shiga ƙashi, sai dai a rage mata raɗaɗi. Ya ba da maganin ruwa a kwalba, ya ce mutum ɗaya ya riƙa ba ta. Yaya ya nuna ni ya ce, "A ba Malama, ita ko allura ta tsinta sai ta yi cigiya."

Alhamis, 6 ga Maris
Bayana ya riƙe garin ɗaga ta. A zaune na yi la'asar.

Lahadi, 16 ga Maris
Na lashe maganin da ta rage a cokali, don kar ya zama almubazzaranci. Bayan nawa ya saki. Amma ba wannan ba ne ya tsaya mini a rai. Wani sanyi ne ya sauko mini har ƙirji, kamar an sauke mini kayan da na manta ina ɗauke da su. Na yi sujada, ban so ɗagowa ba. Ashe haka wasu suke ji kullum? Astagfirullah.

Laraba, 26 ga Maris
Magani ai ba giya ba ne. Na tuna iya karatuna, ban ga inda aka hana mai ciwo ba. Kuma ciwon ina da shi. Yau har waƙa na yi ina taje wa Inna kai. Ta yi dariya, ta ce rabonta da jin muryata haka tun ina budurwa. Wannan ma ai alheri ne.

Juma'a, 4 ga Afrilu
Kwalba ta yi ƙasa. Na cika ta da ruwa. Dafaffe, mai tsabta.

Lahadi, 6 ga Afrilu
Inna ta wuni tana nishi, tana cizon bakin zane. Ta damƙe hannuna: "'Yar nan, ba ni maganin." Na ba ta. Can ta ce, "Ko jikina ne ya saba da shi?" Na ce wataƙila. Ta sa mini albarka.

Talata, 8 ga Afrilu
Yaya ya zo ya tarar da ita a haka. Ya fita baranda ya share hawaye, ya kira likita. Gobe za a kawo mai ƙarfi, babbar kwalba. Ya dube ni ya ce, "Ke ma duk kin rame. Ko matata ta karɓe ki, ki huta?"

Na ce a'a tun bai rufe baki ba.

Don Inna ne. Ta saba da hannuna.