Illa, Ruwa Ya Dawo Fadama

Zuwa ga taubashina Illa, a Agadas.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, da kai da iyali da sana'ar shayi, ina sanar da kai cewa bana gulbi ya yi ambaliya, ya cika fadamarmu ta bayan Gidan Sori har gindin giginyu. 'Yan agwagin nan ƙanana masu tashi kamar an harba su da gwafa sun sauka. Wallahi ranar da na ji kukansu ina cikin gonar wake, sai da na ajiye fartanya.

Ka tuna yadda muke yi? Mu lulluɓe kwalekwale da ganyen bado, kai ka kwanta rub da ciki a gaba da bindigarka adaka, ni a baya ina turawa da sandar gora. Ba magana. Babban yatsan ƙafarka nake kallo: ka lanƙwasa na dama in karkata dama, ka miƙe shi in tsaya cak. Shekara da shekaru ina karatun wannan mummunar ƙafa taka mai faso, na fi sanin ta da fuskarka.

In na yi gaggawa agwagin suka tashi, sai ka juyo ka ce, "Kai Sanda, mi kake ma sauri? Kasuwa za mu?" Alhali kai ne ranar nan atishawa ta kuɓuce maka, fadama ta watse, muka koma gida da kwaɗo ɗaya a cikin jirgi. Inna ta ce to a soya mana shi mana.

Da ruwa ya daina zuwa ka tafi, ban ga laifinka ba. Jirgin ya zauna a bayan rumbu, kaji na ƙwai a ciki.

Shekaranjiya na toshe shi da tsumma da kwalta, na shiga ni kaɗai. Na tura a hankali har na kai inda nake ganin idon agwagin. Sai na duba gaba in ga abin da za ka ce, babu ƙafa. Na tsaya riƙe da gora kamar wawa har suka gaji da ni suka tashi. Illa, na yi kewarka, har na yi hawaye, kuma kar ka kuskura ka faɗa wa kowa.

Maharba biyu sun nemi su hau gaba, na ce wurin da mai shi. Amma ruwan ya fara ja, kullum taɓon bakin fadamar ƙaruwa yake, masu lambu sun fara kafa injunan ban ruwa. Bayan sanyi ba sauran abin da zai ɗauki jirgi, kuma ni da kai mun san gwiwoyinmu ba za su jira wata ambaliyar ba.

Ka bar wa wani tukunyar shayin nan ka hau mota. Ko ba ka harbi komai ba, ka zo ka kwanta a gaba in tura ka.

Allah Ya kawo ka lafiya, Ya tsayar mana da ruwan nan har ka iso. Amin.

Ubangidanka, ko ka ƙi ko ka so,
Sanda