Na Sanyaya Shayinki, Inna

Assalamu alaikum Inna. Gaisuwa da ban girma daga ɗiyarki Zeinabu, a nan Tahoua. Ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima. Na ɗauko alƙalami ne don in faɗa miki laifin da na yi.

Kin tuna ranar da yaya Idi ya dawo cin rani daga Abijan, ya kawo miki shayi a kwalba, da sanyinsa, daga shagon bakin tasha? Kika karɓa da hannu biyu, kika yi masa addu'a. Yana fita kika juye shi a 'yar butarki shuɗiya, kika ɗora bisa gawayi. Kika ce wa zai ba baƙo shayin da ya mutu. Ya tafasa, ya yi wari kamar magani, Baba ya shanye duka don kada ki ji kunya.

Lokacin a littafi kawai nake ganin irinsa. 'Yan matan labarai suna zaune a inuwa, ƙanƙara tana ƙara a cikin kofi, ni kuwa ina tsugune a ƙofar ɗakinmu a Bambeye da littafi a cinya, shayinki yana ƙonewa a gabana. Sau nawa kika ƙwace littafin kika tura shi ƙarƙashin tabarma.

Yanzu garin ya cika da shi, Inna. Daga kwalbar shago ya koma hannun mata masu firigo, na'urar sanyi, suna ɗaura shi a leda tare da bisap, wato zoɓo. In azumi ya faɗo a zafi, kafin magariba ya ƙare ƙaf.

Ni ma na yi. Da butarki, da na'ana'a da kanumfari yadda kika koya mini, na ɗaga hannu sama na zuba har ya yi kumfa. Sannan na bar shi ya huce, na sa ƙanƙara. 

Baba bai sake kai shayi bakinsa ba tun da kika tafi. Ko an miƙa masa a wurin suna, sai ya kau da kai. Ya rame, ya daina zama da mutane a gindin itacen bedin ƙofar gida. Ranar kasuwa ya zo mana da rana tsaka, jiri yana ɗibarsa. Maigidana ya ce in ɓoye butar kada ya gani. Ban ɓoye ba. Na durƙusa na miƙa masa kofin ba tare da na faɗi ko mene ne ba, ina jira ya ture.

Ya kurɓa sau ɗaya. Sai ya ce, "Wannan hannun uwarki ne. Da tana nan da ta mayar da shi bisa wuta." Ya yi dariya, ta farko tun rasuwarki, ya goge ido da bakin rawani, ya miƙo kofin in ƙara.

Ki yafe mini, Innata. Allah ya jiƙanki, ya sanyaya makwancinki, ya shayar da ke daga Alkausara.

Ɗiyarki mai ƙona shayi,
Zeinabu