Cirko-cirko a Labaran Rana

Litinin, 3 ga Maris
Babban labarin yau: ƙasashe biyu masu makaman nukiliya sun sake murtuke wa juna fuska a kan iyaka. Takardar Turancin ta ce "nuclear standoff". Na daɗe ina fassara labarai a gidan rediyon nan, amma kalmar nan kullum sai ta tsayar da ni. Ba yaƙi ba ne, ba kuma zaman lafiya ba. Kowa da makami a hannu, babu mai harbi, babu mai saukewa. Na rubuta "cirko-cirko". Edita ya dube ni ta saman tabarau: "Malama, zakaru ne ke faɗa?" Muka yi dariya, ya bar ta haka.

Autanmu a ɗaya daga cikin ƙasashen yake karatun likita. Bai faɗo min a rai ba sai da na gama karanta labaran.

Talata, 4 ga Maris
Mama ta ji. Labaran rana ba sa wuce ta, wai muryar 'yarta. Ina shiga gida ta rage sautin rediyo. "Ke, cirko-cirkon nan a garin su Auta ne?" Na ce da nisa. Ni kaina ban san nisan ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Yau masu takardar Turancin sun canja baki: "on the brink". Wato a bakin gaɓa, taku ɗaya a rufta. Na duba tsofaffin labarai, ashe sun sha kai duniya bakin gaɓar nan su dawo da ita. Suna da wata kalmar kuma, ta mai girgiza takobi a kube don a ji ƙara. Masu harshen sun san wacce ce cika baki, wacce ce ta gaske. Mama fa?

Edita na son "ana gab da gwabza yaƙi". Na ce Turancin bai kai nan ba. Ya ce ai bai ce a kwantar da hankali ba. Muka tsaya a "ana zaman ɗar-ɗar". Ko don daidai ne na nace, ko don tsohuwar da ke zaune kusa da rediyo a falonmu, oho.

Asabar, 8 ga Maris
Layin Auta ba ya shiga.

Lahadi, 9 ga Maris
Ya kira da hantsi. Wai jarrabawa ce ta sa ya kashe waya. Har da dariyarsa: shaguna a buɗe, maƙwabcinsa ma fentin baranda yake yi. Sai ya rage murya, ya ce an gwada jiniya a unguwarsu, an kuma nuna musu ɗakin ƙarƙashin ƙasa na asibiti. "Yaya, kar ki gaya wa Mama."

Mama ta karɓi wayar ta ce ya dawo gida. Ya ce ta yi haƙuri, ya kusa gamawa. Ta miƙo min wayar, ta koma tana ninke kayan wankin da ta riga ta ninke.

Laraba, 12 ga Maris
Ɓangare ɗaya ya yi gwajin makami mai linzami, ɗayan ya sa sojojinsa cikin shiri. Edita ya ajiye takardar a gabana ya wuce. Yau babu salon magana a ciki, babu inda zan sassauta. Na rubuta yadda take, na karanta. Muryata ba ta yi rawa ba.

A gida Mama ta zuba min ruwa, ta zauna. "Na ji ki. Yau kin yi sauri." Na kurɓi ruwan. Ta ce ko mene ne gara ta ji daga bakina. "In abin ya ɓaci, kar ki yi min kwana-kwana." Na ce to, Mama.

Na kasa cin abinci. Gajiya ce.

Litinin, 17 ga Maris
Ƙasashen biyu sun yarda za su zauna su tattauna. Na rubuta "ƙura ta fara lafawa", ba wanda ya ja da ni. Auta ya turo hoto da farar riga ta asibiti. Ya rame, amma Mama ta ce hasken waya ne.

Na roƙi Edita ya mayar da ni teburin wasanni na ɗan lokaci. Ya tambayi dalili, na ce lokacin tashinsu ya fi min daidai. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce daga gobe.

Ban san komai game da ƙwallo ba. Zan koya.