Jirgin Babanku Ba Zai Koma Kwali Ba

Tudun Wada, Zariya
Ranar Litinin

Zuwa ga ɗana Sharfaddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, yaya aiki da zaman Abuja? Mu nan alhamdu lillahi, hannun babanku na hagu yana ƙara motsi. Takarda na rubuto na ba direba a tashar Kwangila, saboda a waya kana katse ni, wannan magana kuwa sai ka ji ta har ƙarshe.

Ƙanwarka Rauda ta isar mini da saƙonka. Wai baffannin Fiddausi za su zo ganin gidanmu ranar Asabar kafin a sa muku rana, don haka a kwashe kayan wasan yara daga falo, kada su ce tsohon ya ruɗe. Sai da na sa ta maimaita, don kada in ɗauki alhakinka.

Bari in tuna maka abin da ka manta. Shekara talatin da ɗaya babanku ya yi yana canja wa jiragen ƙasa layi a tashar Zariya, a rana da ruwan sama, kuma da wannan aikin aka ɗinka maka kayan makaranta. Da ɓarin jikinsa ya shanye, shekara biyu ya yi a kujera yana kallon bango. Kai kana zuwa da salla, ka kwana biyu ka tafi. Ni nake zaune da shirun. Ranar da tsohon abokin aikinsa Barnabas ya kawo masa ɗan jirgi mai batir daga gwanjon Sabon Gari, kai ɗaya da tarago uku, ranar ya fara tambayar ina gilashinsa.

Ba zan ɓoye maka ba, ni ma na raina abin da farko. Na ce masa mai furfura da carbi aka san shi. Sai kawai ya sa aka cire ƙyauren tsohuwar wadirob aka ɗora a kan benci. Ka san falonmu, kujera uku ta cika shi. A kan wannan ƙyauren ya shimfiɗa tasha guda: tsinken ashana a ƙarƙashin layi, gwangwanin madara ya zama tankin ruwa, tsakuwa kuwa da rariyata ya tankaɗe ta, har yau ban yafe ba. Sai wurin da jirgin zai sha kwana ya ƙi isa. Mako uku jirgin yana faɗowa a wuri ɗaya. Da na gaji da ganin fuskarsa, na kwashe kwanukan aurena daga ƙasan kabad, na kira kafinta ya huda gefen. Yanzu jirgin yana shigewa ƙarƙashin samiruna, ya juyo ya fito. Sharaɗi ɗaya na kafa, ba a ajiye mutum-mutumi a ɗakin da nake salla. Ya yarda. Shi ya sa tasharsa babu fasinja ko ɗaya.

Wannan ne kake so in ɓoye. Ban yi maka tarbiyyar jin kunyar uba ba, kuma ba zan taya ka ba. Ko tsinke ɗaya ba zan ɗaga ba. Ka nemi gafarar Allah.

Ka gaida abokan aikinka. Rauda tana gaishe ka.

Mahaifiyarka,
Ishatu Kailani

Tudun Wada, Zariya
Ranar Alhamis

Sharfaddeen,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka tashi lafiya kuma takardata ta same ka, tunda shirunka ya nuna ka karanta.

Ashe babanku ya ji lokacin da Rauda take faɗa mini saƙonka. Ranar Talata da na dawo daga Islamiyya na tarar da benci fayau. Da hannu ɗaya ya kwance aikin wata takwas, ya jera a kwalin taliya, ya ɗaure da igiya. Abin da ya ce kawai, yaron yana da gaskiya, kada a ɓata masa aure. Ya koma kujerarsa ya fuskanci bango. Jiya tuwon da na kai masa haka na ɗauke shi.

Na yi kuka a madafa, ban ji kunyar rubuta maka ba. Da na gama na wanke fuskata.

Yau da safe Barnabas ya tafi da shi asibiti gashin hannu. Suna fita na tsinke igiyar. Ni da ban taɓa riƙe abin ba sai in share ƙura, na zauna a ƙasa na haɗa shi yadda idona ya tuna. Da suka dawo babanku ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo. Ni kuwa na kunna jirgin. Ashe na haɗa layin Gusau da na Kano, na juya sigina tana kallon baya. Jirgin ya zo da gudu ya kwashi tankin ruwa, gwangwani ya gangara har ƙarƙashin kujera.

Sai ya daka mini tsawa irin wadda rabona da ji tun yana aiki. Wai da a tashar gaske ne da na kashe mutum ɗari. Na ce ya kwantar da hankalinsa, ai na hana shi fasinja. Barnabas ya yi dariya har da riƙe bango, yana cewa a kore ni daga aiki ba fansho. Babanku ya durƙusa yana faɗa yana gyara, kuma da hannun hagun ya riƙe layin. Na gani, na yi kamar ban gani ba. Ya ci tuwo malmala biyu.

To ka saurara. Ranar Asabar jirgin nan zai yi tafiya a gaban baƙinka. Na fitar da kujera ɗaya tsakar gida don su sami wurin tsayawa. Idan sun fasa ba ka 'yarsu saboda dattijon da ya tashi daga jinya da aikin hannunsa, zan ji maka zafi, amma ba zan yi nadama ba. Kai za ka tsaya kusa da shi ka faɗa musu aikin da ya yi. Idan bakinka ya yi nauyi, ni zan faɗa daga bakin ƙofa, ka kuma san muryata.

Ka taho gobe kafin sallar Juma'a, ka fara durƙusawa a gabansa kafin ka shigo wurina. Ka riƙo manyan batir guda huɗu.

Allah ya shirye ka, ya kawo ka lafiya.

Mahaifiyarka,
Ishatu Kailani